Ranar da Kamfanin Inshora Ya Shiga Gayya

Tak Byong-ho, wakilin wani kamfanin inshora da ke Chongju, ya samu hatimin amincewa da ya je nema a ƙauyen Solgol a makon farko na Nuwamba. Amma ya koma gari da ciwon baya, da kwat mai warin gishiri, kuma duk wata Asabar tasa daga nan har zubar ƙanƙara ta riga ta zama ta wasu. Takardar inshorar ma ba ta cika ba. Suna ɗaya ya rage, kuma saboda mai wannan sunan ya yi tafiyar.

Duk kaka, in ganyen kan duwatsu ya fara ja, Byong-ho yakan bi masu hulɗa da shi ɗaya bayan ɗaya kafin inshorarsu ta ƙare da ƙarewar shekara. Mai gareji, mai gidan burodi, mai kiwon kaji, duk tambayoyin iri ɗaya ne: me aka ƙara, me aka sayar, me aka canza ba a faɗa masa ba. Aiki ne na zama a kujera da kurɓar shayi. Ya daɗe yana yi, bai taɓa gumi a kansa ba.

Rumfar Yom Sun-dok yakan bari sai ƙarshe, don a ƙauyensu take, matar kuma ta san shi tun yana yawo ba wando. Sana'arta jiƙa kabeji a ruwan gishiri. Matan birni ba su da tsakar gidan da za su yi wannan aikin, sai su sayi wanda aka riga aka jiƙa, a kai musu a kwali, su kwaɓa shi da barkono da tafarnuwa su haɗa kimcin da za su ci har sanyi ya wuce. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba rumfar ba ta hutawa, daɓenta kuma ba ya bushewa.

Inshorar Sun-dok ta ɗauki nauyin ginin, da ɗakin sanyi, da motar kai kaya. Mutum ko ɗaya ba ya ciki. Alhali mata bakwai ne ke aikin ban da ita, ƙaramarsu ta haura sittin. Ɗaya daga cikinsu Ok-bun ce, mahaifiyar Byong-ho. A bikin girbin da ya wuce ya ga yadda take tashi daga zaune: sai ta dafa bango, ta ɗan tsaya kamar mai sauraren ƙugunta, sannan ta taka. Tun ranar ya ƙudurta cewa bana ba za a shiga babban aiki ba sai matan nan sun shiga takarda, yadda in wata ta zame a daɓen nan akwai mai biyan asibiti.

Ya isa da hantsi, cikin baƙar kwat da takalmi mai ƙyalli, jaka a hannu ɗaya, kwalin lemon kwalba a ɗayan. Bang Mal-ja, wadda ta fi su shekaru ta kuma fi su baki, ita ta fara hango shi.

"Kai! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Gwaggo. Na same ku lafiya?" Ya rusuna mata, ya rusuna wa sauran.

"To wannan baƙin kaya fa? Ok-bun, ɗago ki gani, ɗanki ya zo yi wa kabeji ta'aziyya."

Mahaifiyarsa ta ɗago daga bakin tankin ɗauraya, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Ƙarya yake. Ku dubi wuyansa." Ta koma aikinta.

Sun-dok tana tsakiyar rumfar da wuƙa a hannu, tana tsaga kabeji gida biyu tana jefawa a kwando ba tare da ta duba inda ya faɗi ba. Byong-ho ya matsa kusa, yana kauce wa ruwa.

"Shugaba Yom, in za ki ɗan zauna mu duba inshorar bana."

"Yau kuma ni ce Shugaba? Ina Gwaggon ta tafi? Lallai akwai abin da kake so ka sayar min."

"Ba sayarwa ba ce. Dubawa ce kawai, kamar kullum."

"Kullum da yamma kake zuwa, in mun tashi. Yanzu ka zo tsakiyar aiki. A rumfar nan ba a magana da hannu a sake. Mai son a saurare shi ya kama wani abu." Ta nuna bango da bakin wuƙa. A jikin ƙusa akwai safar hannu ta roba ruwan hoda, da rigar leda, a ƙasa kuma takalman ruwa na marigayi mijinta.

Da gangan ya zo da hantsi, don ya samu matan duka. Ranar Litinin za a shiga babban aiki, daga nan kuma ya san Sun-dok ba za ta zauna ba sai Disamba. Ya cire kwat ya rataye a ƙusar, daidai saman buhunan gishiri. Takalman sun yi masa yawa. Ya bar taye a wuyansa, don a san dai da aikin ofis ya zo.

"Ku ba manaja hanya," in ji Mal-ja. "A hankali, ranka ya daɗe, ruwan nan ba ya sanin manya."

Aka ba shi ɗaukar kwanduna daga tankin gishiri zuwa na ɗauraya. Kabejin da ya kwana a gishiri nauyinsa daban ne, ya gane haka a kwando na farko. Duk sanda ya wuce ta gefen Sun-dok sai ya jefa tambaya ɗaya, da ƙarfi, don ƙarar ruwa.

"An ƙara wani inji bana?"

"An ƙara. Ga shi can, mai ɗaure kwali."

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa min ba? In da ya ƙone ba ya cikin takarda."

"Injin nawa ne ko naka? Kai in ka sayi firji bugo min kake?"

Ya kai kwando ya dawo.

"Rufin fa?"

"Yana sama."

"Motar? Har yanzu ke ke tuƙawa?"

"A'a, kabejin ke tuƙa kansa zuwa tasha."

Haka suka bi ginin, da wayoyin wuta, da ɗakin sanyi. Duk abin da ta faɗa sai ya maimaita a ransa, don hannunsa na cikin safa ba halin rubutu. Da ya ga ta ɗan saki, har tana dariyar yadda yake tafiya kamar agwagwa, sai ya ajiye kwando ya jefa tambayar da ta kawo shi. Ya jefa ta yadda take a takardar kamfani, yadda ya jefa wa mai gareji da mai burodi.

"To, ma'aikata nawa gare ki bana?"

Wuƙar ta tsaya. Wadda ke riƙe da tiyo ta kashe famfo. Duk matan suka juyo suna kallonsa.

"Ba ni da ko ɗaya," in ji Sun-dok.

"Ina nufin su Gwaggo Mal-ja, da su Inna..."

"Ok-bun," Mal-ja ta kira ba tare da ta juya ba, "ɗanki ya ce 'yan ƙodago ne mu."

"Ba da wannan bakin na haife shi ba," in ji mahaifiyarsa. "A gari ya samo."

A Solgol ba a biyan matan nan, kuma Byong-ho ya san haka tun kafin ya san karatu. Gayya ce. Da kaka suna rumfar Sun-dok, da damina suna tsinkar barkonon Mal-ja, in masarar Ok-bun ta nuna can za a gan su. Da yake aikin Sun-dok ya fi na kowa tsawo, ita ke yi musu huɗa da taraktarta, ita ke kai amfaninsu kasuwa a motarta. Ba a rubuta komai, ba a kuma manta komai. Wanda aka biya kuɗi baƙo ne, ana iya sallamarsa da yamma. Cewa da ɗayarsu ma'aikaciya daidai yake da cewa ba ta da gona, ba ta da ranar da za a zo mata.

"Kuskuren baki ne," in ji Byong-ho. "Haka aka buga a takardar."

"To takardarku ba ta da tarbiyya," in ji Sun-dok. "Ɗauki kwandonka."

Ya ɗauka. Aka kunna famfo.

Da rana ta take aka shimfiɗa tabarma a bakin rumfa inda rana ke taɓawa. Shinkafa ce da miyar busasshen kifi, da ganyen kabeji na tsakiya ana naɗe yaji a ciki, da dankali da aka gasa a ganga. Byong-ho ya zauna a hankali, don bayansa ya fara magana. Mahaifiyarsa ta tsame kifin da ke kwanonta ta zuba a nasa ba tare da ta dube shi ba. Ya jira kowa ta kai loma, sannan ya sake gwadawa, wannan karon da taka-tsantsan.

"Gwaggo, a bar maganar suna. Daɓen nan santsi gare shi. Bara ba Gwaggo Mal-ja ce ta zame ba?"

"Zama na yi," in ji Mal-ja. "Na gaji, na zauna. Da sauri dai na zauna."

"In wata ta zauna da irin wannan saurin ƙashi ya karye, wa zai biya asibiti?"

"Mu," in ji Sun-dok. "Kamar yadda aka saba."

"Ƙugu ba kamar yatsa ba ne. Wata da watanni ake kwance. Abin da za ki ƙara kaɗan ne, kamfani ya ɗauki sauran."

Sun-dok ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Tunda ka kawo maganar kamfani, bari in tambaye ka. Tun mai gidana na da rai nake ba kamfanin nan naku hannu, ina zuba musu kuɗi duk shekara, ban taɓa tsallakewa ba. Haka ne?"

"Haka ne."

"Sun taɓa zuwa min?"

"Ai ba abin da ya taɓa faruwa, Gwaggo. Ba gobara, ba ambaliya. Alheri ne."

"Alheri ne a gare su. Ni in Mal-ja ta yi min aiki bana ban rama ba, baɗi ma ban rama ba, da wace fuskar zan bi ta ƙofar gidanta? Su kuwa ko kunya. Kalanda kawai suke aiko min."

"Kalandar tana da kyau dai," in ji wata daga gefe. "Ni da ita nake rufe tulun waken soya."

"Ba haka inshora take ba," in ji Byong-ho. "Kowa na zubawa, wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ake zuwa wa."

"Wato sai na ƙone za su tuna da ni. Yanzu kuma kana so in ƙara musu wani hannun, a kan wanda ba su rama ba. Ci abincinka, yana hucewa."

Ya ci. A duk horon da kamfani ya ba shi ba a taɓa kawo wannan tambayar ba.

Ya yi niyyar tafiya bayan abinci, amma wanda ya ci abincin gayya ba ya tashi a rabin yini, wannan kam bai manta ba. Aka mai da shi wajen jera kabejin da aka tsane a kwali. Daga nan yana iya ganin mahaifiyarsa. Tana sunkuye a bakin tanki, in za ta juya sai ta ja ƙafa ɗaya tukuna, ta tabbatar ta zauna a daɓen, sannan ta ja ɗayar. Ya lura dai Mal-ja, duk bakinta, ita ke rigan mahaifiyarsa ɗaukar duk kwandon da ya cika.

Rana na shirin faɗawa bayan dutse aka ɗaure kwali na ƙarshe. Byong-ho ya zare safar, yatsunsa sun yi fari sun yamutse. Ya ciro kwat ɗinsa, ya tarar gishiri ya yi mata zane a kafaɗa. Sun-dok ta zo ta tsaya gabansa tana goge hannu.

"To, Byong-ho, ka yi aiki, ba laifi. Yanzu kana bi na yini guda. Wane aiki gare ka? Yaushe zan zo?"

"Ni? Gwaggo, a bene nake zaune. Ko tukunyar fulawa ba ni da ita."

"Ba ka da abin wankewa? Abin ɗauka?"

"Haba, Gwaggo. Bar shi kawai. Ba komai, kyauta ce."

A Chongju wannan ladabi ne. Sai da ya ga fuskar mahaifiyarsa ya tuna ba a Chongju yake ba.

"Kyauta," in ji Sun-dok. "Mal-ja, kin ji? Na zama abin tausayi. Yaro ya zo daga birni ya yi min sadakar yini."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Ni ba na kwana da hannun wani a kaina. In ba za a rama ba, to a biya."

Ta shiga ɗakin da take ajiye takardu, ta fito da farar ambulan, ta miƙa masa da hannu biyu, da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ba a sa ran sake gani. Matan suka jeru suna kallo. Ba wadda ta taɓa ganin an biya ɗan Solgol a rumfar nan, balle a gaban uwarsa.

"Af, to ga ma'aikacinka nan ka samu," in ji Mal-ja. "Tun safe kake nema. Buɗe jakar ka rubuta: ma'aikaci ɗaya, namiji, da taye."

Aka fashe da dariya, ban da Ok-bun. Ita ta juya baya tana wanke takalminta da ya riga ya fita.

Byong-ho ya dubi ambulan. In ya karɓa, ya zama ɗan ƙodago a garinsu, mahaifiyarsa kuma za ta sha wannan zancen har masarar baɗi. In ya ƙi, ya bar Sun-dok da wulaƙancin sadaka, hatiminta kuma ba zai gani ba, watakila har na tsohuwar takardar. Ya sa hannuwansa a baya. Abin da ya fito daga bakinsa bai shirya shi ba.

"Gwaggo, ba za ki biya ni ba, don ba ni na yi miki aiki ba. Kamfani ne."

"Kamar yaya?"

"Ba kin ce ba su taɓa zuwa miki ba? To yau sun zo. Ni suka aiko. Ramuwa ce, ba kyauta ba."

Sun-dok ta tsaya da ambulan a hannu. Ta dubi tayen, ta dubi takalman mijinta da ke ƙafarsa. Ta san ƙarya yake, shi ma ya san ta sani. Amma ƙarya ce da kowa zai iya tsayawa a kanta ba tare da ya ji kunya ba.

"Yini ɗaya," ta ce, "a kan duk shekarun nan?"

"Somawa ce."

"Baɗi ma za su aiko?"

"Za su aiko."

"Kai ɗin dai? Ba su da wani mai ƙarfi?"

"Ni ɗin dai."

Ta mai da ambulan aljihun rigar ledarta. "To kamfanin ya fara hankali. Tunda sun san ramawa, ana iya ƙara musu hannu. Kawo takardar. Amma in na ga kalmar nan ta ɗazu a jiki, da ita zan hura gangar dankali."

A kan kwalin kabeji ya buɗe jakar. Ya zaro takardar inshorar haɗari ta rukuni, ya ja layi a kan kalmar, ya rubuta da hannunsa: masu sa hannu a aikin rumfa. Ya karanta mata da ƙarfi. Ta sa ya sake karantawa don Mal-ja ta ji. Sannan ta ɗauko hatiminta daga cikin wata tsohuwar safa, ta hura masa iska, ta danna a tsohuwar inshorar da aka ƙara wa injin ɗaure kwali, ta danna a sabuwar.

Byong-ho na shirin sauke numfashi Mal-ja ta yi gyaran murya.

"Manaja. Injin busar da barkonona, a wane kamfani yake?"

"A namu, Gwaggo."

"Ya taɓa ƙonewa?"

Ya girgiza kai.

"To ni ma ina bin su. Karan barkono na nan a gona ba a tuge ba. Asabar mai zuwa."

"Ta bayanta tawa ce," in ji mai tulun waken soya. "Rumfar ledata ma a wajenku take, tana son sabuwar leda kafin ƙanƙara."

Kafin ya rufe alƙalami an raba Asabar ɗinsa kamar naman biki. Akwai mai haƙar doyar daji, akwai mai itacen da ba a faskara ba, akwai wadda ba ta da aiki a ƙasa amma ta ce a ajiye mata ranarta, za ta nemo. Kowace ta karɓi Asabar ɗinta sai ta faɗi sunanta da ranar haihuwarta, ya rubuta. Mal-ja ta rage shekara biyu, sauran suka mayar mata. Layi shida suka cika. Ya ɗago.

"Inna."

"Me?"

"Saura ke. Na san ranar, hatiminki kawai nake so."

"Kar ka rubuta ni."

"Inna, saboda ke..." Ya haɗiye sauran.

"Wadda ke da ɗa ba ta shiga inshora," in ji Ok-bun, tana ɗaure ɗankwalinta. "Waɗannan 'ya'yansu sun yi nisa, sai a waya. Ni nawa ga shi tsaye. So kake a ce ɗan Ok-bun ya gaji da ita ya miƙa wa kamfani?"

"Ke, nawa ma yana zuwa," in ji Mal-ja.

"Yaushe?"

"Ya ce zai zo."

"Inna, ba wanda zai ce haka," in ji Byong-ho. "In kin faɗi ni zan ɗauke ki, ni zan kwana a wajenki. Amma asibiti ba ya karɓar ɗa a madadin kuɗi."

"To sai ka riƙa zuwa kana tare ni kar in faɗi."

"Ok-bun, ba shi hatimin," in ji Sun-dok. "Yaron ya ɗauki kwando tun hantsi."

"Kamfani ne ya ɗauka, ba shi ba. Da bakinsa ya faɗa." Ta ɗauki robar kimcin da ta haɗa masa da rana ba tare da ya gani ba, ta dangwara masa a hannu. "Hatimin ma ban san inda na ajiye shi ba. Ka tambaye ni ranar Asabar, ai a gonar Mal-ja za ka same ni."

Mahaifiyarsa kaɗai ce ba ta karɓi Asabar ba, don ba ta da komai a kamfanin. Sai da ya hau hanya, yana tuƙi a karkace saboda bayansa, ya lura cewa duk gidan da aka ba shi rana gidan gayya ne, kuma ba gayyar da ake yi a Solgol ba tare da Ok-bun ba.

Babban ofis ya karɓi takardar. An yi waya sau ɗaya a tambayi dalilin layin da aka ja a kan kalmar da aka buga, Byong-ho ya ce buƙatar mai rumfa ce, aka bar shi haka. Inshorar mata shida ta fara aiki ranar Litinin, ranar da aka shiga babban aiki. Manajansa ya ga rasit ɗin takalman ruwa da ya saya daidai ƙafarsa, ya tambaye shi a wane babin kashe kuɗi za a sa su. Ba a tsai da magana ba.

Ranar Asabar ya tuge karan barkono a gonar Mal-ja tun safe har la'asar, mahaifiyarsa na bin bayansa tana gyara masa inda ya tsallake. Da aka tashi ya ciro takardar daga mota. Ta ce ta duba ƙarƙashin katifa da cikin akwatin ɗinki, hatimin bai fito ba, ya sake tambayarta Asabar ta gaba.

Aikin gishiri a rumfar Sun-dok zai kai farkon Disamba. Ok-bun tana bakin tankin ɗauraya kullum tun da safe. Layi na bakwai har yanzu ba kowa a kai.